Yadda Ake Bin Sawun Tarihin Jirgin Dakon Kaya Mai Injin Tururi na Zamanin Yaƙin Duniya na Biyu

Da misalin ƙarfe 9:12 na safiyar 16 ga Afrilu 1947, wani jirgin dakon kaya mai tutar Faransa ya tarwatse a tashar Texas City ta Amurka, ɗauke da takin zamani fiye da tan 2,000. Aƙalla mutum 581 ne suka rasa rayukansu. Sunan jirgin Grandcamp. To, ɗauki wannan suna ka shiga takardun Yaƙin Duniya na Biyu kana nema, za ka sha wahalar banza, alhali jirgin ya yi yaƙin. An ƙera shi ne a Los Angeles a 1942 aka raɗa masa suna Benjamin R. Curtis, sai bayan yaƙi da ya koma hannun Faransawa ya zama Grandcamp.

Hausawa na cewa suna linzami ne, amma ga jirgin ruwa suna riga ce kawai, kowane sabon ubangida da irin wadda yake ɗinka masa. Wanda ya taɓa sayen mota ta hannu ya san zancen: lambar da ke maƙale a gaba da baya tana canzawa, ita kuwa lambar da aka buga a jikin ƙarfe tana nan. Duk aikin da ke gabanka shi ne ka kama ƙarfen, ka bi shi daga ranar da aka fara walda har ranar da ya nutse ko aka yanka shi.

Za mu yi gwaji da jirgi mai sauƙin bi, Jeremiah O'Brien, wanda bai taɓa canza suna ba kuma har yau yana kan ruwa a San Francisco. Inda shi ba shi da tarko, sai mu aro wani jirgin da ke da shi.

Mataki na 1: Zube abin da ke hannunka

Ko hoto ne, ko suna a wata tsohuwar takarda, ko labarin da wani dattijo ya bayar, rubuta shi yadda ya zo maka, har da kuskuren rubutu. Ja layi a tsakiyar shafi: a dama abin da ka gani a takarda da idonka, a hagu abin da aka ce. Kowane bayani ka rubuta daga inda ya fito. Yau kana ganin ba za ka manta ba. Nan da wata biyu, idan ranakun suka fara karo da juna, za ka gode wa kanka.

Mataki na 2: Gano dangin jirgin

Jiragen yaƙin nan ba ɗai-ɗai aka ƙera su ba, zubi aka yi musu kamar bulo. Idan ka san dangi, ka san rabin labari tun kafin ka buɗe rajista, kuma sau da yawa sunan farko ne ke tona asiri.

Sunan da ya fara da Empire na gwamnatin Birtaniya ne, amma a kula, ba duka ne sababbi ba, har da waɗanda aka ƙwace daga abokan gaba da waɗanda aka saya tsofaffi. Wanda ya fara da Ocean yana cikin guda 60 da Amurka ta ƙera wa Birtaniya a farkon yaƙi, masu cin gawayi. Wanda ya fara da Fort ko ya ƙare da Park ɗan Kanada ne. Wanda ya ƙare da Victory ƙanen baya ne, ya fi gudu, injinsa ma daban. Idan kuwa sunan mutum ne cikakke a jirgin Amurka na 1941 zuwa 1945, mai yiwuwa Liberty ne, dangin da ya fi kowane yawa: guda 2,710 daga ma'aikatu 18. Na farkonsu, Patrick Henry, an tura shi ruwa a Baltimore ranar 27 ga Satumba 1941. Waɗanda aka ba Birtaniya aro daga cikinsu an sa musu sunayen da suka fara da Sam.

Asalin zanen duk na wuri ɗaya ne, ma'aikatar Joseph L. Thompson da ke Sunderland a Ingila. Amurkawa suka karɓa suka yi masa kwaskwarima: walda a madadin ƙusa, baƙin mai a madadin gawayi, suka kuma tara ɗakunan ma'aikata duka a gini ɗaya a tsakiyar jirgi. Wannan na ƙarshe shi zai taimake ka idan hoto kawai gare ka. Liberty yana da gini ɗaya dunƙule a tsakiya da bututun hayaƙi a kansa, rumbunan kaya 3 a gaba, 2 a baya. Ocean da yawancin Fort kuwa gininsu a rabe yake gida biyu, da bakin rumbu a tsakani.

Kada ka tsallake injin, domin shi ke bayyana abubuwa da yawa da za ka gani a gaba. Tukwane biyu ne ke dafa ruwa. Tururin ya fara shiga ƙaramar silinda mai faɗin inci 24 da rabi yana da cikakken ƙarfinsa, ya wuce ta biyu mai inci 37, sannan ta uku mai inci 70, inda ake tatse ɗan abin da ya rage, kafin a sanyaya shi ya koma ruwa a sake dafawa. Kamar mai shayi ne da ke zuba ruwa sau uku a ganye ɗaya. Ƙarfinsa doki 2,500, yana juya farfela ɗaya sau 76 a minti, jirgin kuma ya yi tafiyar kusan kilomita 20 a awa. Ko a 1941 wannan inji tsohon yayi ne. An zaɓe shi da gangan: masana'antun da ke iya yin injin zamani jiragen yaƙi sun cinye lokacinsu, shi kuwa wannan kamfanoni da yawa za su iya zuba shi, kowane tsohon injiniya kuma ya san halinsa. Riƙe wannan kilomita 20 ɗin a ka. Ita ce ma'aunin da za ka gane ƙaryar kwanan wata da ita: duk takardar da ta ce jirginka ya bar New York ya isa Liverpool cikin kwana biyar, wani jirgin take nufi.

Mataki na 3: Kama lambobinsa

Nan ne gindin aikin. Lambobi huɗu ake nema, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Lambar ma'aikata ita ce sarauniya. Kowace ma'aikata tana ba kowane gangar jiki lamba bi da bi, ana buga ta a farantin tagulla a jikin jirgin. Sunan ma'aikata, da shekara, da wannan lamba, su ukun idan sun haɗu ba sa nuna jirgi biyu. Jiragen Amurka suna da ƙari, lambar hukumar jiragen ruwa ta gwamnati da ta ba da kwangilar.

Lambar rajista ta ƙasa tana bin jirgi muddin yana ƙarƙashin tuta ɗaya, ko sau nawa aka sake masa suna. Amma ranar da ya sauya tuta, ta faɗi. Haka ma haruffan kiran rediyo.

Ta huɗu ita ce mai lamba 7 da ake kira IMO a yau. Kamfanin Lloyd's ne ya fara raba irinta a shekarun 1960, daga baya hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta ɗauke ta. Ba ta canzawa ko da tuta ta canza. Matsalarta ɗaya: jirgin da ya nutse a yaƙi ko aka yanka shi kafin 1963 bai same ta ba, don haka kada rashinta ya dame ka.

Inda za ka samo su shi ne rajistar Lloyd's, kundin da ake bugawa duk shekara. An ɗauki hoton na shekarun 1930 zuwa 1945 an sa a intanet kyauta, wasu na baya ma suna nan a shafin cibiyar tarihin kamfanin. Jirage na jere ne bisa haruffa da sunan da suke amsawa a shekarar, a ƙarƙashin sunan kuma za ka ga tsofaffin sunaye da ƙananan haruffa, kowanne da kalmar ex a gabansa. Wannan ɗan layin shi ne salsalar jirgin. Idan ka ga T.3Cy. a gurbin inji, wancan mai silinda uku ne da muka yi bayani. Ga jirgin gwamnatin Amurka, hukumar kula da jiragen ruwa ta Amurka, wato MARAD, tana da rumbun bayanai a intanet mai ɗauke da hoton katin kowane jirgi: ranar da aka karɓe shi, kamfanin da aka damƙa wa, ranar da aka ajiye shi, da wanda ya saye shi.

Dalilin duk wannan wahala shi ne kamfanoni na maimaita suna kamar yadda ake mayar da sunan kaka ga jika. Kamfanin Elder Dempster na Liverpool, wanda ya daɗe yana zirga-zirgar Afirka ta Yamma, ya yi asarar Accra da Apapa duka a 1940, bayan yaƙi ya ƙera sababbi ya mayar musu da sunayen. Ni kaina na taɓa cika shafi uku da tafiye-tafiyen jirgi, ashe jirage biyu nake ɗinkewa wuri ɗaya, tsakaninsu shekara ashirin. Faɗin jikinsu da bai zo ɗaya ba ne ya farkar da ni.

Mataki na 4: Rarrabe ranakun haihuwa da ma'aunin nauyi

Jirgi yana da ranar haihuwa uku: ranar da aka shimfiɗa ƙashin bayansa, ranar da aka tura shi ruwa, da ranar da aka miƙa shi ga masu shi. Marubuta da yawa suna cakuɗa su.

Duba Jeremiah O'Brien. An shimfiɗa ƙashin bayansa a ma'aikatar New England Shipbuilding da ke South Portland a jihar Maine ranar 6 ga Mayu 1943, aka tura shi ruwa ranar 19 ga Yuni. Ƙirga da kanka, kwana 44 ne. Amma ko'ina za ka ga an ce cikin kwana 56 aka ƙera shi. Babu mai ƙarya a ciki: na biyun ya haɗa da kwanakin da ya yi a bakin ruwa ana ƙarasa masa kayan ciki. Shi ma Robert E. Peary da ake ta ba da labarin an gama shi cikin kwana 4 da awa 15 da 'yan mintuna a Richmond ta Kalifoniya, daga 8 zuwa 12 ga Nuwamba 1942 ke nan, ranar tura shi ruwa. Sai 15 ga wata aka miƙa shi, kuma an riga an harhaɗa manyan sassansa a gefe tun kafin a fara duba agogo. Wasan nuna bajinta ne don ƙarfafa gwiwar jama'a, ba haka aka saba ba. Abin da aka saba, bayan hannu ya faɗa, wajen kwana 40 ne.

Wani ƙaramin tarko: Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. 6/5/43 a takardar London 6 ga Mayu ne, a ta Washington 5 ga Yuni. Kullum ka rubuta sunan wata da haruffa.

Sai tan. Za ka ga Liberty ɗaya an ce tan 7,176, wani wuri sama da 10,000, wani wuri sama da 14,000, ka ɗauka jirage uku ne. Na farko ba nauyi ba ne sam, girman sararin cikin jirgi ne, kowane tan ɗaya ƙafa 100 a ma'aunin kubik. Na biyu nauyin abin da zai iya ɗauka ne, kaya da mai da ruwa. Na uku nauyinsa gaba ɗaya da lodi. Idan kana gwada takardu biyu, tabbatar irin tan ɗaya kake gwadawa. Tsawo da faɗi sun fi amana: mita 134 da rabi, da mita 17 da ɗoriya.

Mataki na 5: Bi shi cikin ayari

A lokacin yaƙi jaridu ba sa buga tashi da saukar jirage, don haka hanyar da aka saba bi ta toshe. Abin da ya cece mu shi ne jiragen ba su cika tafiya su kaɗai ba. Ayari suke yi, da madugu, da jiragen yaƙi masu rakiya, kowane ayari kuma da haruffansa da lambarsa. HX da SC daga Arewacin Amurka zuwa Birtaniya, ON na komawa. SL daga Freetown ta Saliyo zuwa Birtaniya, OS na gangarowa kudu. TS daga Takoradi zuwa Freetown.

Fara da shafin Convoyweb, wanda ya ɗora bayanan da wani tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya, Arnold Hague, ya shafe shekaru yana tarawa. Sa sunan jirgin na lokacin yaƙi, zai jero maka ayarin da ya shiga da ranakun tashi da isa. Kwafe su a jere bisa kwanan wata, sannan ka nemi giɓi. Giɓin wata biyu yana iya zama gyara, ko jiran lodi, ko tafiyar da ya yi shi kaɗai. Kada ka cike shi da zato.

Mai cike giɓi shi ne katin zirga-zirga da ke ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya a Kew, rukunin BT 389. Katunan sun ƙunshi jiragen Birtaniya da na ƙawayenta daga 1939, tasha bayan tasha, wani lokaci har da irin kayan da aka ɗauka, kuma ana sauke su ta intanet. Rubutun hannu ne cike da taƙaitattun kalmomi, ranar farko za ka ji kamar rubutun likita kake karantawa. Ba su da sunan ma'aikaci ko fasinja, kada ka ɓata lokaci nema.

Ga jirgin Amurka akwai wata taska da ba kowa ya sani ba. Kowane jirgin kaya yana ɗauke da wasu sojojin ruwa masu kula da bindigoginsa, hafsansu kuma dole ya rubuta rahoto bayan kowace tafiya. Rahotannin suna ma'adanar ƙasa a College Park ta jihar Maryland, kuma a cikinsu ne ake jin ɗumin labari: harin jirgin sama, hazo, karo da wani jirgi cikin duhu.

Idan ka bi Jeremiah O'Brien ta wannan hanya, ga abin da zai fito. Kamfanin Grace Line ne ya tafiyar da shi a madadin gwamnati. Ya ƙetare Atilantika cikin ayari ya dawo sau 4. A tsakiyar 1944 ya yi sawu 11 tsakanin Ingila da gaɓar Normandy ta Faransa yana kai sojoji da motoci. Daga nan aka juya shi kudu da gabas: Chile, Peru, New Guinea, Filifin, Indiya, Sin, Ostireliya. Tafiya 7 ke nan gaba ɗaya, ya dawo San Francisco a farkon 1946.

Idan jirginka bai dawo ba, shafin uboat.net yana da bayanin kowane jirgin da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka harba, da wuri, da sa'a, da sunan kwamandan. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta tsira ba: a daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu 1943, jirgin ƙarƙashin ruwa U-515 shi kaɗai ya nutsar da jirage 7 daga ayarin TS 37 a kusa da Freetown. Sai dai ka yi wa rahoton kwamanda irin kallon da ake yi wa labarin mafarauci. Ta ƙaramin madubi yake leƙe cikin dare, sau da yawa yakan ƙara wa abin da ya harba girma, wani lokaci ya ƙirga wanda bai nutse ba. A gwada da bayanin waɗanda suka tsira. Sa'o'in ma za su saɓa, domin Jamusawa da agogon ƙasarsu suke rubutu ko ina suke.

Ba kowane jirgi ne maƙiyi ya kashe ba. John P. Gaines ya karye gida biyu a ruwan Alaska a Nuwamba 1943 ba tare da an harbe shi ba. Da farko an ɗora laifin a kan masu walda, waɗanda da yawansu sababbin hannu ne. Binciken Constance Tipper ta Jami'ar Cambridge ya nuna ƙarfen ne kansa ke yin gautsi idan sanyi ya yi tsanani, tsagewa kuma takan fara daga kusurwar bakin rumbu mai kaifi, ta zarce ba abin da zai tare ta tunda jikin duk a haɗe yake da walda. Idan ka ga jirginka ya shiga gyara an ɗaura masa ɗamarar ƙarfe da ƙusa, maganin wannan cuta ne aka yi masa.

Mataki na 6: Mutanen ciki

Liberty yakan ɗauki ma'aikata wajen 40, ban da sojojin bindiga. Na jiragen Birtaniya, takardun yarjejeniyar ma'aikata na shekarun yaƙi suna Kew a rukunin BT 381, kuma da lambar rajista ake nemansu ba da suna ba, ka ga amfanin Mataki na 3. Mafi yawan na shekarun da suka gabaci yaƙi, da na bayan 1950, suna can Jami'ar Memorial a Newfoundland ta Kanada. Waɗanda suka mutu a teku ba kabari, sunayensu na kan bangon tunawa na Tower Hill a London, jirgi bayan jirgi.

Jiragen da ke zuwa gaɓarmu sun ɗauki 'yan Afirka da yawa, musamman a ɗakin wuta. Idan irinsu kake nema, sassauta wa rubutun suna, domin akawu yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Gwada Ibrahim da Braima da Brimah, gwada Muhammadu da Momodu da Momo.

Mataki na 7: Bayan yaƙi, inda sawu ke ɓacewa

A 1946 Amurka ta yi dokar sayar da rarar jiragenta. Girkawa suka samu Liberty 100 a kan sauƙi, waɗanda suka zama jarin da manyan attajiran jiragensu suka tashi da shi. Faransa ta karɓi 75, ciki har da Grandcamp. Italiya ma ta kwasa. Daga nan sai sauye-sauyen tuta: Panama, Laberiya, da kamfanonin da jirgi ɗaya tak suka mallaka, ofishinsu bai wuce akwatin gidan waya ba. Jirgi ɗaya yakan yi suna 4 ko 5 cikin shekara 20.

Dabara ita ce ka bi salsala daga ƙarshenta biyu. Daga gaba, katin MARAD ko takardar rufe rajistar Birtaniya za ta gaya maka wanda ya saya da shekarar. Daga baya, buɗe rajistar Lloyd's ta kowace shekara 3 ko 4 ka duba jerin sauye-sauyen suna. Duk sunan da ka samu, koma ka tabbatar ma'aikata da shekara da girman silinda sun yi daidai kafin ka ɗaura shi a sarƙar. Kamar isnadi ne: mahaɗa ɗaya ta yi rauni, duk abin da ke bayanta ya zama abin shakka.

'Yan Sam sun fi kowa ruɗarwa, domin da yawansu an fara su da sunan Ba'amurke. Samtampa, wanda guguwa ta farfasa a gaɓar Wales ranar 23 ga Afrilu 1947, ya hallaka ma'aikatansa 39 da masu ceto 8, a ma'aikata Peleg Wadsworth ne sunansa. A cikin irinsu ne Elder Dempster ya sayi 3 a 1947 ya sa musu Zini, Zungon da Zungeru. Ganin sunan Zungeru a jirgin da ke zuwa Legas a zamanin dalar gyada, zuciya za ta so ka rubuta cewa ya yi dakon gyadar Kano. Mai yiwuwa ne ƙwarai, amma mai yiwuwa ba hujja ba ce. Katunan tafiye-tafiye na Lloyd's da ke ɗakin karatu na Guildhall a London, na 1927 zuwa tsakiyar shekarun 1970, su za su nuna maka tashoshin da ya tsaya, takardun kamfanin kuma suna gidan tarihin teku na Liverpool.

Wani jirgin ba suna kaɗai yake canzawa ba, har sana'a. Arthur M. Huddell, da aka tura ruwa a Jacksonville ta Florida a Disamba 1943, an gyara rumbunansa a 1944 don ɗaukar bututun man da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa tsakanin Ingila da Faransa. A 1956 ya koma dakon wayar sadarwa ta ƙarƙashin teku. A ƙarshen 2008 aka ja shi daga Amurka zuwa Piraeus ta Girka, yanzu gidan tarihi ne mai suna Hellas Liberty. Akwai ma wanda ya fi wannan: a Italiya an haɗa rabin Nathaniel Bacon da rabin Bert Williams aka yi jirgi ɗaya mai suna Boccadasse. A nan ko lambar ma'aikata sai ta ɗaga hannu. Rubuta tarihin duka biyun har ranar ɗinki, sannan ka ci gaba da ɗaya.

Mataki na 8: Tabbatar da ƙarshensa

Yawancinsu a hannun masu yankan ƙarfe suka ƙare a shekarun 1960 da farkon 1970, a wurare irin su Kaohsiung ta Taiwan, da Japan, da Sifaniya, da Italiya, da Amurka kanta. Nan ma ranaku uku ne: ranar sayarwa, ranar isa mayanka, ranar fara yanka. Faɗi wadda kake nufi. Kalmar "an yi asararsa" a takardar inshora ba kullum take nufin ya nutse ba, wani lokaci kuɗin gyara ne ya fi kuɗin jirgin, sai wani ya saye shi ya gyara ya sake masa suna. Kada ka rufe littafi sai ka duba rajistar shekara 2 ko 3 da suka biyo baya.

Wasu ƙarshen nasu bai ƙare ba. Richard Montgomery ya ɗare kan yashi ya karye a bakin kogin Thames kusa da Sheerness a Agusta 1944, kuma har yanzu akwai abubuwan fashewa kimanin tan 1,400 a cikinsa, hukuma na kewaye da shi tana auna shi a kai a kai. Tarihin irin wannan sai ka haɗa da rahotannin binciken da ake fitarwa.

Shi kuwa Jeremiah O'Brien, a 1946 aka ɗaure shi cikin jiragen ajiya a Suisun Bay ta Kalifoniya, ya yi shekara 33 a wurin ana yanka 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya. A Oktoba 1979 masu aikin sa kai suka hura tukwanensa, ya fita da ƙarfin injinsa. A 1994 tsofaffin ma'aikatan jirgi suka tuƙa shi ta mashigin Panama har Normandy don cikar shekara 50 da saukar sojojin ƙawance. A Mayu 2020 gobara ta cinye rumbun ajiya da ke daf da shi a gadar jirage ta 45, jirgin kashe gobara ya tsaya tsakaninsu yana fesa ruwa har aka shawo kanta.

Mataki na 9: Zauna ka rubuta

Jera komai bisa kwanan wata tukuna, layi ɗaya ga kowane abu, da sunan da jirgin ke amsawa a ranar. A saman shafi sa ma'aikata, shekara da lamba, sannan duk sunayensa da shekarun da ya yi da kowanne, don mai nema ta kowace ƙofa ya shigo ya same shi. Inda takardu biyu suka saɓa, kawo duka biyun ka faɗi wadda ka fi yarda da ita da dalili. Wadda aka rubuta a ranar da abin ya faru tana gaban wadda aka rubuta bayan shekara 40, shafukan intanet goma da suka kwafi juna kuma shaida ɗaya ne. Abin da ke shafin hagu tun Mataki na 1, wanda har yanzu bai samu takardar da ta tsaya masa ba, ka bar shi da "an ce" ɗinsa a gaba.